Zuciyar Toyota a ƙirjin Fijo

Masu bibiyar wannan fili za su yi mini afuwa, domin a wannan makon zan jingine zancen manya da na 'yan siyasa, in tsoma hannu cikin baƙin mai. Dalili kuwa shi ne, hutun da na je yi gida Sanyinna, wanda na ƙudurta ƙarar da shi wajen zumunci da duba takardun ɗalibai, kusan rabinsa a gindin wani dogon yaro na cinye shi, ina kallon wani dattijon bakanike da yaransa suna fama da wata tsohuwar a-kori-kura. Na dawo da tabon giris a hannun rigata, da kuma wata damuwa da ta ƙi sakina har sai na zauna na rubuta ta.

Motar ta kawuna ce, Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Ba motar gayu ba ce, kuma ba ta taɓa zama ba. Ita ke kwaso shinkafa daga fadama, ta kai gero da albasa kasuwar Tambuwal, wani lokaci ta gangara har Jega. Ita ce motar kai amarya, ita ce ta ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare. Gida uku ke ci daga bayanta. Saboda haka ranar da injinta ya buga, ana gab da fara girbi, abin ya yi kama da rashin lafiyar maigida.

Ga matasan da suka buɗe ido suka tarar da Hilux da babura, yana da kyau a tuna cewa wannan mota ta taɓa zama 'yar gida. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1975 kuma kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna, a zamanin da ake harhaɗa Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da manyan motocin Fiat a Kano. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da sallamar ta. Shi ya sa duk wani bakanike da ya haura shekara hamsin a Arewa, a kan Fijo ya koyi riƙe sifana, ya san ta ciki da bai kamar yunwar cikinsa. A riƙe wannan magana, domin za mu dawo kanta.

Injin kawu an riga an sauke shi an gyara har sau uku, babu sauran abin da za a kankara a jikinsa. Injin 504 mai lafiya kuwa ya zama sai an tona, wanda ake samu ma yawanci ya fi wanda za a cire gajiya. Sai shawara ta tsaya a kan a dasa mata na Toyota, samfurin da ake kira 3Y, wanda aka daɗe ana gani a tsofaffin Hilux da Hiace. Girmansu kusan ɗaya, kowanne wajen lita biyu, kayan gyaransa kuma ana samu ko a ƙananan garuruwa. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, zancen sayen wata mota ya zama tatsuniya ga irin su kawu. Ya sayar da sa guda, na cika masa abin da ya sauwaƙa, aka tafi birni aka sayo inji ɗan Beljiyam tare da giyabos ɗinsa. Mai shago ya rantse cewa ɗorawa kawai za a yi a murɗa makulli.

Kwana goma sha tara aka yi kafin motar ta taka titi.

Matsalar farko tun inji yana lilo a jikin sarƙa ta bayyana. Injin 504 a kishingiɗe yake, masu ƙera shi sun karkatar da shi gefe guda da kimanin digiri 45, don haka gaban motar bai da zurfi sosai. Na Toyota kuwa a tsaye yake ƙyam. Da aka zura shi, sai matatar iska ta tokare murfin gaba, ya ƙi rufuwa. Da aka sassauta shi ƙasa don murfi ya rufu, sai kwanon baƙin mai ya zauna daram a kan ƙarfen da ya gitta shasi, dab da sandar sitiyari. Ka ja sama ƙasa ta buɗe, ka ja ƙasa sama ta buɗe, kamar mai dogon jiki da gajeren mayafi a daren hunturu. Daga baya muka fahimci cewa injin daga jikin bas aka ciro shi, kuma ko da sunan inji ɗaya ne, kwanon mai da ƙafafun da yake zama a kansu sukan bambanta gwargwadon motar da aka yi shi dominta. Wannan bayani babu wanda ya tambaya a shago, babu kuma wanda ya bayar.

Mai walda ya zo ya duba da ido, ya yanka ƙarfe, ya narka ƙafafu biyu tsaf. Aiki ya yi kyau a gani. Amma da aka zo haɗa firofela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya, sai aka ga bakin giyabos yana kallon gefe, ya kauce wa tsakiyar mota da kusan faɗin yatsu biyu. Mai walda ya ce roba za ta shanye. A nan ne dattijon ya burge ni. Ya girgiza kai ya ce, "Motag ga mutane taka ɗauka. A yanke." Aka yanke waldar kwana guda, kawu yana tsaye yana lissafin kuɗin ƙarfe da na gas. Dattijo ya sa aka ja zare daga tsakiyar gaban mota zuwa tsakiyar bayanta, aka daidaita inji a kan zaren, aka yanka kwali daidai siffar kowace ƙafa, sannan aka fitar da ƙarfe a kan kwalin. Ya hana a narka walda gaba ɗaya, sai ɗigo-ɗigo, har sai da aka gwada murfi da kwano da fanka da sandar giya, aka tabbatar kowa ya sami wurin zama. Firofela kuwa, tunda kanta na Toyota ne gindinta na Fijo, bai yarda a haɗa ta a ƙasa ba. Ya aika da ita Sakkwato wurin masu injin feƙe ƙarfe, domin sandar da ke juyi dubbai a minti guda, in ta karkace ko da ƙanƙani, sai ta girgiza mota har ta ci kanta. Sauran ƙananan abubuwa, irin su robobin lagireto da bututun salansa da ramin sandar giya, an sha yanka da ƙari, amma ba su kai a ɓata tawada a kansu ba.

Kwana na goma sha biyu aka zuba mai, aka ɗaura batir, jama'a suka taru. Aka murɗa makulli, kik ya ja da ƙyar kamar jakin da ya sha kaya. Aka ɗora wa batir laifi, aka aro wani, bai sauya zani ba. Sai wani yaro ya taɓa wayar totur ya yi tsalle, ta yi zafi kamar an ciro ta daga wuta. Ashe an manta da igiyar da ke haɗa jikin inji da jikin mota. Inji yana zaune a kan sababbin robobi, lantarki ya rasa hanyar komawa batir, sai ya bi ta siririyar wayar totur. Aka ɗaura igiyar, kik ya ware.

Amma inji ya ƙi tashi. Yana juyawa lafiya lau, ga mai yana zuwa, ga wuta tana tartsatsi a bakin kowane fulogi, sai dai lokaci-lokaci ya yi wata irin atishawa ta kafireto, ko ya buga kamar bindiga ta salansa. Kwana uku cur ana wannan. An wanke kafireto sau biyu. An sauya fulogai. An sayo sabon kwayil. An zargi man da aka sayo a galan. An fara raɗe-raɗin cewa an sayar wa kawu matacce, wata gwaggo ma ta aiko da turare a yi wa motar hayaƙi. Kawu ya daina cin abincin kirki. Da dare na biyu ya same ni a zaure ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu har ƙarshe, ba ka ga komi ba?" Na rasa amsar da zan ba shi. Digirina uku, amma a gaban wannan ƙarfe ni da ɗan akuya duk ɗaya.

Rana ta uku aka ɗauko wani matashi mai gyaran lantarkin mota daga Tambuwal, wanda ya yi koyo a kan motocin Japan. Bai taɓa sifana ba. Ya tsaya ya bi wayoyin fulogi da ido, daga murfin dilko zuwa kan inji, sannan ya rusuna ya ce, "Baba, wane na lamba ɗaya gare ka?" Dattijo ya nuna na can baya, wajen giyabos, ya ce, "Ga shi nan. Shekara talatin nan nika ƙirga shi." Yaron ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Ga Fijo ke nan, Baba. Toyota daga gaba taka hwarawa, wajen hwanka."

Bari in warware wa mai karatu abin da ya faru, yadda shi ma yaron ya warware mini da tsinke a ƙasa. Inji irin wannan yana da tukwane huɗu, a cikin kowace akwai fistin da ke hawa da sauka. Aikin kowace tukunya hawa huɗu ne: ta shaƙi mai da iska, ta matse su, wuta ta kunna su su fashe, sannan ta fitar da hayaƙi. Kafin wannan zagaye ya cika, sandar inji takan juya sau biyu, dilko kuwa, wanda shi ne mai rabon wuta, sau ɗaya yake juyawa, yana bai wa tukwane wuta bi da bi a jerin 1, 3, 4, 2. Fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa, tare suke sauka, amma ba aiki ɗaya suke yi ba: yayin da ɗaya ke matse mai yana jiran wuta, ɗayan hayaƙi yake turawa waje. Faransawa sun saba fara ƙirgen tukwanensu daga ɓangaren giyabos, Japanawa kuma daga gaba. Dattijo ya ɗauki wayar da ya kamata ta je tukunyar gaba ya kai ta ta baya, sauran suka bi sahu. Jerin ya tafi daidai, alamar da ke jikin fuli ma ta zauna daidai, domin alamar ba ta bambance na ɗaya da na huɗu. Illa dai kowace tukunya tana samun wutarta a lokacin da babu abin ƙonawa a cikinta sai hayaƙi, kamar mai kai wa maƙwabci goron biki ranar da ake zaman makoki.

Yaron ya kwance fulogin gaba, ya toshe ramin da babban yatsa, ya sa aka juya inji da hannu sannu a hankali, har ya ji iska ta turo yatsan. Nan ne matsi. Ya duba inda hancin dilko ke kallo, ya dasa wayar farko a nan, ya jera sauran. Bai kai minti goma ba. Aka murɗa makulli, inji ya kama da ruri, yara suka yi shewa. Aka saki makulli, ya mutu. Aka sake, ya kama, aka saki, ya mutu.

Wannan ma yana da dalili. Kwayil ɗin irin wannan inji mai kwantak ba a yi shi don ya sha wutar batir gaba ɗaya a kowane lokaci ba. Akwai wata 'yar farar tangaran da ke rage masa ƙarfin wuta in mota tana tafiya, sai a lokacin tayarwa kaɗai ake tsallake ta, ta wata waya daban, don a sami tartsatsi mai ƙarfi. Wayar tsallaken ce kaɗai aka haɗa, tangaran ɗin kuwa ba ta ma zo da injin ba. Nan take wani ya ce a ja waya kai tsaye a huta. Motar za ta tashi, ba shakka, kuma haka ake yi a garejoji da yawa. Amma kwayil zai riƙa zafi, kwantak ya riƙa ƙonewa, wata rana sai ta mutu a inda ba a so. Duk wanda ya san halin da wasu hanyoyin yankin Kebbe suke ciki a 'yan shekarun nan, ya san mutuwar mota a daji bayan la'asar ta wuce zancen ɓata lokaci. Dattijo da yaron suka haɗu a kan a jira. Aka jira kwana biyu kafin a samo wani abu da bai fi ɗan yatsa tsawo ba.

Ban kawo wannan labari don in kunyata dattijon ba. Na ma fi ganin girmansa a ranar, domin da yaron ya gama, ya dafa kafaɗarsa a gaban 'yan koyonsa ya ce, "Yau ka ƙara min karatu." Malaman jami'a nawa ne a cikinmu za su iya faɗin haka ga ɗalibi a gaban aji? Kuskurensa ma daga ƙwarewarsa ya fito. Abin da ya dame ni daban ne. Wannan mota da ta fita daga gindin dogon yaro, yanzu babu kamfanin da ya san ta a duniya. Littafin Peugeot bai san injinta ba, na Toyota bai san jikinta ba. Duk bayaninta, wato kulocin wace mota ke ciki, fanbel mai wane tsawo, wace waya ta tafi ina, yana cikin kan mutum biyu, ɗaya ya tsufa, ɗaya kuma yana shirin tafiya ci-rani. Ranar da ta lalace a Jega, bakaniken can zai ga tambarin zaki a gaba ya aika a sayo kayan Fijo, ko ya sake kwana uku yana binciken abin da aka riga aka gano a Sanyinna. Irin waɗannan motoci kuwa ba su ƙirguwa a tashoshinmu, daga Sakkwato zuwa Maraɗi. Kowane gareji yana biyan kuɗin darasin da maƙwabcinsa ya riga ya biya, kuma daga aljihun talaka mai mota ake biya.

Ba mu kaɗai ke wannan sana'a ba. A Kuba, takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba tun farkon shekarun 1960 ya sa har yau motocin Amurka na shekarun 1950 ke yawo a titunan Habana, da yawansu da injunan wasu ƙasashe a ciki. Dashen inji dabara ce ta wanda aka rufe wa ƙofar sabuwar mota, kuma ba abin kunya ba ce. Sai dai kada mu mayar da ita abin alfahari fiye da kima. Motar da ta haura shekara talatin, an sauya mata zuciya amma burkinta na jiya ne, ga buhuna sun yi tozo, ga mutane zaune a saman buhunan, ba abin yi wa kirari ba ce. Na matsa wa kawu sai da aka sauke burki aka duba, aka kuma nemi a gyara takardun mota su nuna lambar sabon inji, domin lambar da ke takarda ta wanda aka cire ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya jawo wa direba kwana a inda bai shirya ba. Ya yi, amma yana gunaguni.

Laifin da nake gani ya fi karkata gare mu, mu da muke cikin azuzuwa. A kowace shekara ɗaliban fannin injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha suna rubuta kundin kammala karatu, a yi masa bango mai kyau, a jera a kanta, ƙura ta gaje shi. Me zai hana a tura ɗalibi guda ya zauna wata uku a gareji irin wannan, ya auna ƙafafun injin nan, ya zana su da ma'auni, ya jera wayoyin da launinsu, ya fitar da takarda biyu cikin Hausa mai sauƙi da za a liƙa a bangon kowane gareji? A Kaduna an fara wani abu mai kama da haka, inda kwalejin kimiyya da fasaha ta garin ta haɗa hannu da masu sana'a na kasuwar Panteka, ana tantance ƙwarewarsu a ba su shaida a ƙarƙashin tsarin hukumar NBTE. Wannan mataki ne mai kyau. Amma shaida tana tabbatar da abin da ke kan mutum ne kawai, ba ta kwafe shi ta ajiye wa na baya. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, tana da rassa a jihohi, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa ta ƙwanƙwasa ƙofar makarantunmu da wannan buƙata, in mu girman kai ya hana mu zuwa.

Ni dai abin da ya sauwaƙa gare ni na yi. Na sayi littafin rubutu na 'yan firamare, na zaunar da dattijo da yaron, suna faɗi ina rubutawa: sunan inji da lambarsa, irin fulogi, asalin kuloci, tsawon fanbel, inda aka ɗaura igiyar jiki, inda tangaran take da dalilin da ya sa ba a cire ta. Da na gama, sai wani ɗan koyo ya ce shi da ajami ya fi gane karatu, ya karɓi alƙalami ya kwafe komai a shafin da ke kallon nawa. Aka sa littafin a leda aka cusa a aljihun gaban mota. Yaron Tambuwal kuma ya tsoma tsinke a farin fenti ya rubuta 1 a kan inji, daidai tukunyar gaba.

Motar ta kama aikin girbi a makare, amma ta kama. Allurar gudu ba ta motsi, ramin sandar giya kuma da tsohuwar roba aka toshe shi, yana shigo da zafi. Shekaranjiya kawu ya kira ni ya ce an kawo wa dattijon wata 504 daga Dogon Daji, ita ma za a yi mata irin wannan dashe, har ya aiko a ara masa littafin. Na tambaya ko an adana kwalayen da aka yanka ƙafafun inji a kansu. Kawu ya ce ai tun daren da aka gama aiki yara suka hura wutar shayi da su.